Wasiƙa: Yadda direban motar tsere zai saba da madubin tsakiya mai kyamara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ɗan sam mana fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana da masu shigo da ƙananan motocin nan na tsere masu kujera biyu, da masu tuƙa su, a kan wani abu da ke ba su wahala tun ranar farko. Shi ne madubin tsakiya wanda ke haska hoton da wata kyamara ke ɗaukowa daga bayan mota. Ƙorafin kusan iri ɗaya ne a bakin kowa: hoton dishi-dishi, ido yana gajiya, ba a gane nisan motar da ke biye, wani lokaci ma a ga hoto biyu a cakuɗe. Daga nan sai a yanke hukuncin cewa ya lalace, a nemi mai gyaran wuta ya cire shi. Alhali mafi yawan lokuta lafiyarsa ƙalau. Abin da ke rataye a wurin allo ne irin na waya, an dai yi masa siffar madubi, kuma ido ba ya kallon allo yadda yake kallon madubi.

Ba don ado aka sa shi ba. Motar tsere gajeriya ce a tsaye, rufinta ya kwanta, kafaɗunta na baya masu faɗi ne, kuma da yawansu injin yana bayan direba ne, don haka gilashin baya ɗan tsito ne, abin da ake gani ta cikinsa bai taka kara ya karya ba. Audi ta sa irin wannan madubi a motarta R18 a tseren Le Mans na Faransa a 2012. Nissan ta fito da nata a Japan a 2014, sannan Cadillac CT6 ta zo da shi a Amurka a 2016, ƙirar kamfanin Gentex da ke jihar Michigan. Chevrolet Camaro ta samu a 2019, sai Corvette ta 2020, wadda a cikinta aka mayar da inji bayan kujeru. Maserati MC20 ma tana da shi. Ferrari 812 Competizione ta 2021 kuwa ba ta da gilashin baya sam, farantin alminiyom aka rufe wurin da shi, kyamara ce kaɗai idonta na baya. Masu Toyota RAV4 ta 2019 zuwa sama da Range Rover Evoque waɗanda motarsu ta zo da irinsa, su ma wannan bayani ya shafe su.

Mu fara da ido, don a nan yawancin matsalar take. Idan ka kalli madubi na gaske, idonka ba gilashin yake kallo ba, motar da ke can baya yake kallo. In tana nisan mita 40, to ido ya saitu a kan mita 40, daidai da yadda ya saitu a kan titin gabanka. Shi ya sa za ka ɗaga ido ka dawo da shi ba ka ji komai ba. Allo kuwa hotonsa a jikinsa yake, santimita 50 zuwa 70 daga fuskarka, kuma a motar tsere, saboda ƙuncin ciki, yakan fi kusa da 50. Duk lokacin da ka kalle shi, sai wata 'yar tsoka a cikin ido ta tsuke domin ƙwayar da ke tattara haske ta ƙara kumbura, kamar dai za ka karanta saƙo a waya, sannan ta saki idan ka koma kan titi. Wannan kai-komo yana cin wani yanki na daƙiƙa kowane zuwa, kuma mota mai gudun kilomita 120 a awa tana cin mita 33 a daƙiƙa ɗaya.

Ana iya lissafa nauyin da aka ɗora wa ido da irin lambar da ake rubuta wa tabarau. Ka sa tef ka auna daga idonka zuwa madubin a santimita, ka raba 100 da abin da ka samu. Santimita 60 ya ba da kusan 1.7, santimita 50 ya ba da 2. Yaro ɗan shekara 10 idonsa yana iya fiye da 10, saurayi ɗan ashirin da wani abu ba zai ma san an yi ba. Amma daga shekara 40 zuwa 45 ƙwayar idon tana fara tauri, mai shekara 50 abin da ya rage masa bai wuce 2 zuwa 3 ba, mai 60 kuwa wajen 1. Wannan shi ne tsufan idon da ke sa mutum ya riƙa miƙa jarida nesa kafin ya karanta. To, su waye ke da kuɗin Corvette ko Maserati? Galibi waɗanda suka kai waɗannan shekarun. Shi ya sa uba zai ce madubin banza ne, ɗansa ya shiga motar ya ce bai ga aibinsa ba, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa.

Masu tabarau mai hawa biyu, ko mai hawa-hawa wanda ba a ganin layinsa, abinsu ya fi rikitarwa. Saman gilashin na hangen nesa ne, ƙasansa na karatu. Madubi kuma a sama yake, don haka ido yana kallon abu na kusa ta wurin da aka yi don nesa. Sai ka ga mutum yana ɗaga haɓa sama don ya leƙa ta ƙasan gilashin, titi ya ɓace masa ke nan. Kada a yi haka, kuma kada a kuskura a yi tuƙi da tabarau na karatu zalla, don zai gyara madubin ya ɓata titin. Abin yi shi ne a kai wa likitan ido awon nan na santimita, a gaya masa ta wane ɓangaren gilashin ake kallon madubin. Akwai tabarau da ake yi wa ɗan yanki na ganin kusa a sama, irin wanda matuƙa jirgin sama ke amfani da shi don karanta maɓallan da ke saman kansu. In kujera tana da sauran wuri, matsar da ita baya kaɗan yana rage wa ido aiki, da sharaɗin ƙafa tana taka birki har ƙasa da ɗan lanƙwasa a gwiwa, wuyan hannu kuma yana kaiwa saman sitiyari ba tare da kafaɗa ta bar kujera ba.

Wani abin da ke taimakawa shi ne a daina ƙoƙarin karanta hoton. Ba lambar motar baya kake nema ba. Akwai mota ko babu, a wane layi take, tana ƙara girma ko tana raguwa: waɗannan ukun ana ganinsu ko da hoton bai fito tar ba. Kallo gajere sau da yawa ya fi dogon kallo sau ɗaya. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta sa daƙiƙa 2 a matsayin iyakar ɗauke ido daga titi a kallo ɗaya, kuma a gudun 120 wannan mita 67 ne a makance.

Batun hoto biyu kuwa sauƙin magani gare shi. Fuskar allon har yanzu madubi ce, shi ya sa idan ka tura ɗan harshen da ke ƙarƙashinsa, a wurin da tsofaffin motoci ke da na dare da rana, allon zai mutu ya koma madubi na gaske. Dokar Amurka har yau tana buƙatar madubi na gaske a cikin mota, don haka motocin da ake kawowa daga can suna da wannan harshe. Da rana tsaka, idan haske ya cika cikin mota, fuskar tana dawo da hoton kujera ko kan fasinja a kan hoton kyamara. Ga yadda ake saitawa, mota a tsaye, inji a kunne. A fara gyara kujera da sitiyari. A kashe allon, a saita madubin yadda aka saba har gilashin baya ya cika shi. Sannan a kunna allon. In an ga inuwa, a ɗan karkata shi sama har ya fuskanci rufin ciki, wanda a motocin tsere galibi baƙi ne, inuwar za ta ɓace. Hoton kyamara ba zai motsa ba ko yaya ka juya madubin, tunda ba daga gare shi yake fitowa ba. Sai dai a san cewa in an karkata shi da yawa, ranar da aka kashe allon a kan hanya rufi za a gani, sai an sake gyarawa da hannu. Karkatawa kaɗan ta isa.

A madubin General Motors (kamfanin da ke ƙera Cadillac da Chevrolet) na baya-bayan nan akwai maɓallai a ƙasa na abu uku: haske, kusanto da hoto, da ɗaga shi sama ko ƙasa. Na ukun a saita shi yadda inda titi ya haɗu da sama zai zauna a tsakiyar allo ko sama da haka kaɗan. In sararin sama ya cinye rabin allo da ƙari, an yi asarar wuri, kuma hasken saman yana sa kyamara ta dusashe titin.

Na kusantowa shi ne ya kamata a zauna a kansa, don shi ke da alaƙa da gane nisa. Madubi mai faɗin santimita 24 a nisan santimita 60 yana nuna wa ido ɗaya kusurwa wajen digiri 23, in gilashin baya bai rage ta ba. Kyamara tana ɗauko fiye da haka sosai ta matse shi a allo mai wannan faɗin. Cadillac ta ce nata yana nuna kusan ninki huɗu na madubin da aka saba. Duk abin da aka matse kuwa ƙanƙancewa yake. Mu ɗauka kyamarar tana ganin digiri 50. Mota mai faɗin mita 1.8 da ke bayanka da mita 56, wato tazarar daƙiƙa 2 a gudun kilomita 100, za ta cika kusan santimita 2 a madubi na gaske, amma a allon ba za ta kai santimita 1 ba. Ƙwaƙwalwar da ta shekara 20 tana auna nisa da girman mota za ta ce motar tana can nesa, ka sa sigina ka fito, sai ka ji hon.

A cikin cunkoso kuma abin juyawa yake. Kyamara tana bayan kanka da mita ɗaya ko biyu ko fiye, gwargwadon inda aka dasa ta, don haka motar da ta tsaya dab da bamba tana cika allon kamar za ta shigo. Wato na nesa ya fi nisa a ido, na kusa ya fi kusa, kuma motar da ke taho maka da gudu tana zama 'yar ƙarama na ɗan lokaci sannan ta kumbura farat ɗaya. Ga shi kuma abubuwa biyu da ido ke dogaro da su sun tafi. Ido biyu suna ganin hoto ɗaya shimfiɗaɗɗe marar zurfi, sannan in ka matsar da kai gefe don ka leƙa, kamar yadda kowane direba ke yi ba tare da ya sani ba, babu abin da zai canja.

Gyaran wannan awa ɗaya ne a fili. A samu wuri shimfiɗaɗɗe marar zirga-zirga, da mota ta biyu, da tef. A ajiye ta a bayan taka a mita 5, sannan 10, sannan 20, sannan 40. A kowane zango ka zauna yadda kake tuƙi, ka kalle ta a madubi na gaske, ka kunna allo ka sake kallo, ka lura da abu biyu: kashi nawa na faɗin allon ta cika, kuma a ina tayoyinta na gaba suka taɓa ƙasa in an kwatanta da gindin allon. Na biyun ya fi amfani, don shi ne ma'aunin da ba ya ruɗi: duk yadda tayoyin suka sauko kusa da gindin allo, motar ta matso. A mita 20 ka gwada matakan kusantowa, ka zaɓi wanda girman motar ya fi kusa da na madubi na gaske. Mu a ganinmu sabon shiga ya fara da wannan, ko da zai rasa ɗan gefe-gefe, in ya saba ya buɗe. Bayan an zaɓa kuma a bar shi haka. Mai canja shi kullum yana rushe ma'aunin da ƙwaƙwalwarsa ke ginawa.

Haka ma kunnawa da kashewa. Wanda ke kunna shi minti biyar ya ji haushi ya kashe ba zai taɓa sabawa ba. A bar shi a kunne, a fara da rana, a hanyar da aka sani, a gudun cikin gari, mako ɗaya ko biyu kafin a hau babbar hanya da shi ko a yi tuƙin dare. A wannan tsakanin, duk hukuncin sauya layi ko wuce mota a yanke shi da madubin gefe da waiwaye, allon ya zama mai ba da labari kawai. Wanda bayan mako biyu yake fama da ciwon kai ko jiri, ya kashe ya je a auna masa ido.

Madubin gefe ma suna son gyara, tunda yanzu tsakiya ta faɗaɗa. Jingina kai da gilashin ƙofarka, ka buɗe madubin hagu har gefen motarka ya kusa ɓacewa. Karkato kai zuwa tsakiyar mota, ka yi wa na dama haka. In an dace, motar da ke wuce ka za ta shiga madubin gefe kafin ta fita daga allon, ta kuma bayyana a gefen idonka kafin ta fita daga madubin gefe. Babur da adaidaita sahu da ke kutsowa ta ko'ina, su kam sai da waiwaye.

Kada a yi ribas da shi. Kyamarar ribas daban take: tana ƙasa kusa da lambar mota, tana kallon ƙasa, tana da layukan awo. Ta madubi tana sama tana kallon nesa, ba ta ganin yaro, akuya, kwata ko turken da ke dab da bamba.

Da dare yana da fa'ida babba, don fitilar motar baya ba ta dallare maka ido, allon ba ya iya fin iyakar haskensa. Amma a rage hasken da hannu in na'urar ba ta rage shi yadda ya isa ba, domin allo mai haske kusa da fuska yana hana ido sabawa da duhun titi. Za a kuma ga fitilun wasu sababbin motoci suna ƙyaftawa a allon kamar na motar asibiti ko sigina. Fitilun LED ne, waɗanda ke kunnuwa su mutu da saurin da ido ba ya gani amma kyamara tana kamawa. Ba lalacewa ba ce. Na'urar da ke auna haske tana jikin madubin, ɗan ƙaramin ido ne a gaba ko a baya. Masu rataya carbi da turaren mota da manna sitika a wurin su sani suna iya rufe ta, allon ya riƙa yin duhu da rana ko ya ƙi dusashewa da dare. Da rana kuma, baƙin tabarau irin mai kashe ƙyalli yana iya duhunta allon, wani lokaci sai in an karkata kai. A gwada shi a cikin motar kafin a saya. Idan rana ta yi ƙasa a bayanka, da sassafe ko da la'asar sakaliya, ta shiga idon kyamara kai tsaye, hoton zai wanke. A tura harshen a koma madubi har a sauya fuska.

Abin da ya fi shafar mu a nan shi ne ƙura da zafi. Idon kyamarar bai kai farcen ɗan yatsa ba, don haka ƙurar hunturu ta kwana ɗaya ko ɗigon laka ɗaya ya isa ya rufe rabin hoton, kuma bayan mota shi ne inda iska ke juyowa ta tara ƙura. An shafa wa idon wani sinadari mai sa ruwa ya zame. Masu goge shi a bushe da yatsa ko tsumman gilashi suna kankare wannan shafi da yashin da ke cikin ƙurar, bayan 'yan watanni kowace fitila ta zama tauraro mai jela a allon, kuma wannan ba ya gyaruwa sai canji. A fara zuba ruwa ya wanke ƙurar, sannan a dangwala da laushin ƙyalle mai ɗanshi. Ban da fetur, ban da tina, ban da garin sabulu. A wurin wankin mota a hana yara saita bakin injin feshi a kansa, don ƙarfin ruwan yana keta robar da ta rufe shi, raɓa ta taru a ciki, hoton ya yi hazo kowace safiya. Zafi kuwa, motar da ta yini a rana a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, madubinta da ke manne da gilashin gaba yana cikin wurare mafi zafi a cikinta. Wasu allunan suna rage haske ko su mutu don kare kansu, su dawo idan sanyin mota ya kama. A sa mayafin gilashin gaba, kuma kada a kai wa mai gyara kafin a ba shi minti goma.

Lalacewa ta gaske tana da alamunta. A motocin General Motors allon yakan yi shuɗi da alamar kyamara sannan ya mutu. Hoto mai yankewa idan an shiga rami ko an rufe but yana nuna soket ya saki ko waya ta karye, kuma wurin da aka fi samun haka shi ne inda wayar ta bi ta maƙalar murfin baya, tana lanƙwasuwa kullum. Wayar hoton ba irin ta fitila ba ce, mai sulke ce da soket nata na musamman. In aka yanke aka murɗa aka naɗe da salatif, hoton zai riƙa zuwa yana tafiya. Canja ta ake yi daga soket zuwa soket. A duba fiyus da ƙarfin batir kafin a zargi kyamara, musamman a motar da ke yin makonni a ajiye. Da yawan motocin tsere da ke shigowa ta Legas da Kwatano masu haɗari ne da aka gyara, don haka mai saye ya lura ko titi ya karkace a allon ko tsakiyarsa ta zame gefe, alamar ba a mayar da kyamarar mazauninta daidai ba. Fiffiken baya da aka ƙara daga baya da ledar canja launi su ma suna tare ta.

Sai na kasuwa, waɗanda ake ɗaura wa madubi da roba. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 46, wadda ta halatta kyamara a madadin madubi tun 2016, ta ce jinkirin hoto kada ya kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, kuma hotuna su kai 30 a daƙiƙa da rana. Masu arha ba lallai su cika wannan ba. Motar da ta fi ka gudu da kilomita 50 a awa tana matsowa kusan mita 14 a daƙiƙa, don haka jinkirin rabin daƙiƙa ya ɓoye maka mita 7. A gwada kafin a biya: wani ya tsaya a baya ya tafa hannu, ka ga ko hoton ya zo tare da sautin. Ya kuma koma ta kusurwar dama ta baya ya ɗaga hannu. Dole ya fito a daman allo. In ya fito a hagu, ba a kunna juyin hoto ba, kuma tuƙi da shi haka ya fi rashinsa haɗari. Kada a dasa kyamarar a bayan gilashi mai tinti, don da dare ba za ta ga komai ba, kada kuma a sa ta kusa da bakin salansa ko ramukan da zafin inji ke fita.

Mafi munin lalacewa ita ce hoto ya daskare, domin allon yana nan da haskensa, yana nuna titi fayau, alhali tirela na bayanka. Na kamfani an yi su ne su mutu in hoto ya yanke, na kasuwa kuwa ba duka ba. Duk lokacin da aka tashi mota, a 'yan mitocin farko a kalli allon a tabbatar ƙasa tana gudu a cikinsa. In ba ta motsi, a kashe shi nan take.

Wassalam.

Daga wasu masu gyaran wutar mota da wani ma'aikacin asibitin ido, Kano.